Harshen da Aka Koya da Gemu

Ayarin da ya tashi daga Kano zuwa Gwanja sayen goro a ƙarni na 19, bayan dazuzzuka da koguna, harsuna ma yake ratsawa. Da an haye Kwara an shiga ƙasar Bargu, Hausa ta fara ƙaranci a bakin mutanen ƙauye. A kasuwannin Nikki da Jugu Dandanci ake ji, can gaba ga Gurmawa, ga Dagwambawan Yandi, sannan a isa Salaga, inda goro ke fitowa daga kurmin Asantawa, waɗanda fatake ke kira Tonawa. Tafiyar watanni ce, kowane gari da sarkinsa, kowane mashigi da mai karɓar kuɗin fito. Madugu yana da jagaba mai sanin hanya, yana da uban dawaki, yana da malamin ayari mai rubuta wasiƙa. Amma ranar da aka tsaya gaban wani sarki da ba ya jin Hausa, ana so ya sassauta abin da ya yanka wa ayari, dukiyar kowa tana rataye ne a bakin mutum guda, wanda ya iya maganar garin. Da yawa daga cikin irin waɗannan mutane ba a cikin harshen aka haife su ba. Da gemunsu suka koya.

Abin ya fi ba ni sha'awa idan na duba halin da Bahaushe yake ciki a gida. Harshenmu ya shagwaɓa mu. Mutumin Pankshin ko Biu ko Numan yakan tashi da harshen uwarsa, ya ƙara da Hausa a kasuwa, ya ƙara da Turanci a makaranta, wani ma ya haɗa da Fillanci, kuma bai ɗauka ya yi wani abin a zo a gani ba. Bazabarmen Doso haka, Babarbaren Difa haka. Bahaushen Kano ko Katsina kuwa yana iya shekara saba'in a duniya bai taɓa matsuwa da neman yadda ake cewa ruwa a wani harshe ba, domin duk wanda ya zo wurinsa ya riga ya ɗauke masa wahalar koyo. Saboda haka wanda ya bar gida yana ɗan shekara talatin, ya sauka Shagamu ko Kumasi, bayan 'yan shekaru ka tarar da shi yana ciniki da faɗa da ba'a cikin Yarbanci ko Twi, ya yi abin da tasowarsa ba ta shirya shi ba ko kaɗan. Kuma ba da ka yake yi ba. Akwai tsari a ciki, ko da shi kansa bai taɓa zama ya tsara shi ba.

Bayan dogo ya iso Kano a 1911, hanyar ƙasa ta Gwanja ta mutu sannu a hankali, goro ya koma bin jirgin ruwa zuwa Ikko, daga nan jirgin ƙasa ya hauro da shi Arewa. Manoman ƙasar Yarabawa a Agege da Ifo da Shagamu suka shiga dasa irin goron na Gwanja, fatake suka bi shi can. A 1916 aka kafa unguwar Sabo a Badun, wadda masanin nan Abner Cohen ya zauna cikinta a farkon shekarun 1960, ya rubuta littafi a kan cinikin goro da na shanu da ake yi a wurin. Duk wanda ya san zango, na Badun ne ko na Kumasi ko Nima ta Akra, ya san mutum na iya shekara ashirin a ciki bai koyi komai ba. Mai masaukinsa Bahaushe, limaminsa Bahaushe, mai tuwo Bahaushiya, wanzami Bahaushe. Zango rufin asirin baƙo ne, kuma shi ne babban abin da ke hana shi koyo. Wanda ya koya, da gangan ya fita, kuma da dalili. A kasuwar shanun da Cohen ya bayyana, bashi ake ba mahautan Yarabawa, su yanka, su sayar, sannan su biya. Dole dillalin da ya haɗa cinikin ya san wane mahauci ke cika alkawari, wane ne bashi ya yi wa katutu, wane ne ya fara ɓuya. Irin wannan labari a hirar mahauta yake yawo, hirar kuwa da Yarbanci ake yin ta. Dillalin da ke jin ta da kunnensa ya fi mai jiran tafinta la'ada, ya kuma fi shi barci.

Za a ce ai icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Gaskiya ne, amma rabi. A 1984 wasu masu bincike a Kanada, Janet Werker da Richard Tees, sun gwada jarirai 'ya'yan masu jin Ingilishi da sautukan harsunan da ba su taɓa ji ba, ciki har da wasu guda biyu masu kama da ƙ ɗinmu. Jaririn wata shida zuwa takwas yana bambance su sarai. Kafin ya cika shekara yawanci ya daina, kunnensa ya tattara kan sautukan da ake yi a gidansu. Dalilin da ya sa lafazi ke yi wa babba wuya ke nan: kafin harshe ya gaza, kunne ne ya fara gazawa. A 2018 kuma Joshua Hartshorne da abokan aikinsa suka tattara amsoshin mutum kusan 670,000 da suka yi wata jarrabawar nahawun Ingilishi ta intanet, suka ga ƙarfin ɗaukar nahawu yana nan daram har wajen shekara 17, sannan ya soma sauka, kuma mai son kada a bambanta shi da ɗan gida sai ya fara tun wajen shekara goma. To, amma sauka daban, ƙarewa daban. Akwai wani bincike na 1978 da Catherine Snow da abokiyar aikinta suka yi a Holan, inda suka bi masu jin Ingilishi da suka ƙaura can suna koyon harshen ƙasar. A watannin farko manya da matasa ne suka yi wa ƙananan yara fintinkau, sai da tafiya ta yi nisa yara suka kamo manyan. Farke kuwa bai ce a ɗauke shi haifaffen Ijebu ba. So yake a fahimce shi, ya fahimci mutane, kada a cuce shi, kuma duk wannan yana cikin abin da babba ke iyawa da sauri.

Da gaisuwa yake farawa, kuma a nan ya taki sa'a, don Yarabawa mutanen gaisuwa ne kamar mu, wataƙila ma sun fi mu. Yadda muke da sannu da aiki, sannu da hutawa, barka da asuba, haka suke da e ku ise, e ku ijoko, e ku aaro. Kusan duk halin da ka tarar da mutum a ciki akwai e ku ɗinsa. Yaro ɗaya bayan ɗaya yake tsintar waɗannan. Babba kuwa cikin 'yan kwanaki ya gano cewa farkon ɗaya ne, ƙarshen ake sauyawa, sai ya fara ƙera nasa, har ya gai da mutum da gaisuwar da ba wanda ya koya masa, kuma ta zauna daidai. Haka nan da ya ji ana ce wa dattijo e, ana ce wa yaro o, ba ya bukatar bayani, tunda shi ma ku yake ce wa surukinsa. A Kumasi aikin ya ɗan fi haka. Idan aka ce maka maakye da safe, amsar tana bin wanda ya gaishe ka: yaa agya in sa'an mahaifinka ne, yaa ena in sa'ar mahaifiyarka ce, yaa nua in tsaranka ne. Wanda ya tashi ya san wa ake durƙusa wa, wa ake miƙa wa hannu, ya riga ya san rabin darasin. Sannan gaisuwar tana jawo riba nan take. Tsohuwar da baƙo ya gaishe ta daidai da harshenta, ko da daga nan bai san komai ba, za ta yi dariya, ta ce ya maimaita, ta kira maƙwabciyarta ta zo ta ji, ta ƙara masa wata. Da jimla uku ya samu malama kyauta.

Sai ƙidaya, wurin da kuskure ke cin kuɗi. Elo ni, wato nawa ne, kowa na iya faɗa tun ranar farko. Jin amsar ne aiki. Lissafin Yarbanci da ashirin-ashirin yake tafiya, kuma yana son ragewa. Arba'in ashirin biyu ce, sittin ashirin uku, ɗari ashirin biyar. Hamsin kuwa sittin ce ba goma. Idan aka zo arba'in da biyar, abin da Bayarabe ya dunƙule cikin kalma guda shi ne: ɗauki ashirin uku, cire goma, ka sake cire biyar. Mu ma muna da ɗan wannan, tunda tsofaffi na cewa ashirin ba ɗaya, talatin ba biyu, sai dai mu a bakin goma kawai muke yi, su kuwa rabin ƙidayar tasu a haka take. Yanzu lambobin Turanci sun shige kasuwannin birni sun sauƙaƙa abin, amma wanda ke shiga ƙauye ya saro goro daga hannun matan da suka ɓare shi suka wanke, zai ci karo da tsohon lissafi. Ka tuna kuma mutumin nan yana wannan juyi ne a kansa alhali hannunsa na tsince marsa daga minu, idonsa na duba ko sankara ta taɓa goron, zuciyarsa na lissafin ƙwarya nawa za ta shiga huhu, da abin da za ta kai a kasuwar Mariri bayan kuɗin mota da la'ada. Ban san wani ajin lissafi da ke neman haka daga ɗalibi a lokaci guda ba.

Inda aka fi jin jiki shi ne karin sauti. Hausa ma tana da shi, ko da yake ba ma rubuta shi, kuma yawancinmu ba mu san muna yi ba. Kuka na yaro da kuka ta miya baƙaƙensu ɗaya, hawa da saukar murya ne ya raba su. Sai dai mu matakai biyu gare mu, sama da ƙasa, da mai faɗuwa da ke haɗa su. Yarbanci uku gare shi, akwai na tsakiya, ga kalmominsa gajeru, don haka nauyin da aka ɗora wa murya ya fi namu yawa. Igba, gwargwadon yadda ka rera ta, tana iya zama ɗari biyu, ko ƙwarya, ko gauta, ko lokaci, kuma duka huɗun ana ambatarsu a kasuwa kullum. Ga wasula bakwai maimakon biyar, o iri biyu, e iri biyu, ban da waɗanda ake fitarwa ta hanci. Ka ɗan ƙara buɗa baki, gona ta zama miji. Ka ɗaga ƙarshen, miji ya zama fartanya, ka sauke shi, ya zama mota. A nan kusa kuma akwai wata kalma da ba a faɗa gaban surukai, wadda sababbin koyo suka saba afka wa da tsakar kasuwa.

Yadda gwanaye ke fita daga wannan rami shi ne abin da ya fi burge ni. Ba sa ɗaukar kalma ita kaɗai. Jimla suke ɗauka sukutum, da karinta, da saurinta, har da ɗan jan da mai ita ya yi a ƙarshe, sai daga baya su warware ta su ga abin da ke ciki. Sau da yawa mutum guda suke zaɓa, wata mai sayar da goro ko wani direba, su riƙa kwaikwayon muryarsa kamar masu yi masa shaƙiyanci, shi ya sa wani lokaci za ka ji ƙaton Alhaji yana Yarbanci da salon tsofaffin matan Shagamu. Ina ganin makarantar allo tana da hannu a nan. Yaron da aka biya wa karatu ya bi bakin malam, ya ja inda aka ja, ya tsaya inda aka tsaya, shekara da shekaru, ba tare da ya san ma'anar ko kalma ɗaya ba, an horar da shi kan wani abu da ɗan boko ke rasawa: ya riƙe sauti daidai kafin ya tambayi ma'ana. An kuma saba masa da tishi. Tun 1885 Bajamushen nan Hermann Ebbinghaus ya nuna cewa mafi yawan abin da mutum ya haddace a sa'o'in farko yake zubewa, kuma maganin shi ne a riƙa komawa kansa a rarrabe, yau, gobe, bayan kwanaki. Gardi bai san Ebbinghaus ba, amma ya san abin da ke samun haddar da ba a tisa ta. Kasuwa kuwa da kanta take tisa wa mutum. Ya yi tsada, rage mini, ƙara gyara, gobe zan kawo, waɗannan sai ya ji su daga bakuna daban-daban tun safe har yamma, gobe ma haka.

Akwai abin da ba ya tanƙwaruwa. Gb da kp, waɗanda ake rufe leɓɓa da bayan harshe tare a sake su tare, babu su a Hausa, kuma da wuya mai gemu ya kama su. Ogbomosho da Egba za su ci gaba da fitowa daga bakinsa da b ko gw har ya tsufa, kowa kuma ya ji ya san daga ina yake. Masu hankali ba sa ɓata lokaci a nan. Sun gane cewa kuskuren baƙi ana yafe shi, tunda ba ya cika sauya ma'ana, kuskuren karin sauti ne ke kai mutum inda bai nufa ba, sai su zuba ƙarfinsu a can. Wannan zaɓi, na sanin wane kuskure za a zauna da shi, wane ne za a yaƙa, yaro ba ya yin sa.

Nahawun kuma yana zuwa da kyautarsa. Yarbanci ba ruwansa da namiji ko mace a wakilin suna, o ɗin da ya ɗauki Musa shi zai ɗauki Amina, haka Twi ma ba ta raba su. Ranar da Bahaushe ya gane haka ya sauke wani kaya. Sai ya lura da wata dabara: inda mu muke da kawo da kai, su fi'ili biyu suke jerawa, ɗauka ka zo, ɗauka ka tafi. Bayarabe ya ce mu wa da mu lo, mutumin Kumasi ya ce fa bra da fa ko. Da ya kama wannan, ƙofofi da yawa sun buɗe masa lokaci guda, don haka ake jera saya ka ba, dafa ka ci, gudu ka shiga. Ba wanda ya faɗa masa sunan ƙa'idar, amma ya gan ta, kuma ganin ƙa'ida daga misali huɗu ko biyar shi ne makamin babba.

A nan ya kamata mu ɗan ji kunya game da maƙwabtanmu na Sabon Gari, unguwar da aka kafa a Kano tun 1913. Bayarabe ko ɗan ƙabilar Ibo da ya zo da girmansa ya koyi Hausa, hanyar da ya hau ta fi ta farkenmu tudu. Harshensa bai raba ya da ta ba, ga shi ya shigo inda ba mutane kaɗai ba, har kujera da tebur sai an san wace ce mace. Ga jam'in da ba shi da hanya ɗaya, gida gidaje, doki dawaki, hanya hanyoyi, sarki sarakuna. Ga ƙ da ɗ da ɓ da ts. Ya haye duk waɗannan, yana sayar maka da kayan gyaran mota yana zolayarka, amma da ya ce matata ya zo, shi ke nan mun samu abin dariya, har a fina-finai. Alhali 'yan'uwanmu na zangunan Gana, waɗanda Hausa ce harshen gidansu, da yawansu sun daɗe da ajiye wannan bambanci, kuma suna fahimtar juna lafiya lau.

Dariyar nan ita ce kuɗin makaranta, kuma ita ta fi korar mutane, ba nahawu ba. Ka duba wanda ake magana a kansa. Magidanci ne, da mata da 'ya'ya, a garinsu idan ya yi magana ana saurare. Ya zo inda 'yar talla mai shekara tara za ta riƙe ciki tana nuna shi don ya ce a ba shi lokaci maimakon gauta. Ga mutumin da aka rena da kunya da kame girma, wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma da yawa daga nan suke komawa zango su rufe bakinsu. Wanda zai iya, dariyar yake mayarwa darasi. Ya tsaya ya yi tare da su, ya ce to yaya ake faɗa, a faɗa masa, ya maimaita, a sake dariya, ya sake, har dariyar ta ƙare, ƙarewarta kuwa ita ce shaidar ya dace. Ya kuma san wa zai tambaya. Tsaransa maza kara za su yi masa, su ce ya yi daidai, ko su juya masa zuwa Broka don a gama ciniki. Yara da tsofaffin mata ba su da wannan kara, su ne masu gyara. Malamanmu na zaure sun san labarin Sibawaihi, Bafarishen da ya je Basra neman hadisi, ya yi lahani a gaban Hammadu ɗan Salama aka gyara masa cikin mutane, ya tashi ya lazimci Halilu ɗan Ahmad, ya zo ya rubuta Alkitab, littafin da har yau nahawun Larabci ke komawa gare shi. An ruwaito cewa har ya rasu, wajen shekara ta 180 bayan hijira, alƙalaminsa ya fi bakinsa sakewa.

Sai maganar lokaci, wadda masu cewa ƙwaƙwalwarsu ta tsufa ba sa son a taɓo. Makarantar da ke koya wa jami'an jakadancin Amurka harsuna ta ƙiyasta cewa mai jin Ingilishi yana bukatar mako 44, kimanin sa'a 1,100 a aji, kafin ya iya aiki da Hausa, Larabci da Sinanci kuwa sa'a 2,200. Manya ne waɗannan, zaɓaɓɓu, da malamai da littattafai, ba su da wani aiki sai koyon. Mai zuwa ajin yamma sa'a biyu a mako, ko mai latsa waya minti goma kafin barci, ya lissafa da kansa shekara nawa zai yi kafin ya tara haka. Farken da ke wuni a kasuwa sa'a goma, kwana shida a mako, cikin wata biyar ya wuce sa'a dubu. Ba kowace sa'a ce darasi ba, gaskiya, akwai ta gyangyaɗi da ta hira da 'yan'uwa. Amma ko kashi ɗaya cikin uku ya shiga kunnensa, cikin shekara biyu ya tara abin da jakada ya tara. Abin da muke kira baiwa a wurinsa, kaso mai yawa sa'o'i ne da ba wanda ya ƙirga.

Hanyar tasa tana da iyaka, kuma an fi ganin iyakar idan aka ajiye shi kusa da malamin zaure. Akwai malamin da ya sauke Alfiyya ta Ibnu Malik, ya karanta Muƙamatul Hariri, yana warware baitin da Balaraben yau zai tsaya yana sosa ƙeya, amma ya sauka Jidda ya kasa yin cinikin tasi, don ba wanda ke magana da Larabcin da ya sani, shi kuma kunnensa bai saba da gudun nasu ba. A gefensa ga ɗan Takari da bai iya karanta jarida ba, yana faɗa da direban har ya ci nasara. Kowannensu da girma ya gina abin da yake da shi, kowanne kuma ya samu daidai abin da ya yi ta maimaitawa: malamin ido, ɗan Takarin kunne da baki. Farkenmu na Shagamu ɗan'uwan na biyun ne. Ka ba shi takardar kotu da Yarbanci sai ya nemi mai karanta masa, ka kai shi inda ake zancen da ba na kasuwa ba, kalmominsa su yi ƙaranci. Waɗanda suka tsallake wannan yawanci rayuwa ce ta faɗaɗa musu fili: wani ya auri 'yar gari, wani ya shiga sasanta rigima tsakanin zango da fada, wani rediyon garin ya zame masa abokin zama. Matan zango ma suna da tasu hanyar, ta katanga da bakin famfo da bikin maƙwabta, kuma sau da yawa harshen da suke samu ya fi na mazan faɗi, tunda akwai haihuwa da ciwo da girki da gulma a cikinsa.

Akwai matakin da ba a gani daga waje, don ji kullum yana gaban faɗa. Tun bakinsa na ɗingishi, kunnensa ya riga ya miƙe, kuma tsofaffin 'yan kasuwa ba sa gaggawar sanar da haka. Mai kaya ta juya ta ce wa 'yarta wannan goron na bara ne a haɗa masa da shi, ko ta faɗi ainihin farashin da za ta iya sallamawa, shi yana tsugune yana juya goro, fuskarsa ba ta nuna komai ba. Sai an gama ya yi godiya da harshen, cikakkiya, da karin magana a kai. Ranar dai an yi asarar sirri, amma daga ranar an san da wa ake ciniki. Wanda ya kai ga jefa karin maganar mutane a inda ta dace, ko ya gane ba'a ya rama kafin dariya ta lafa, su da kansu suke cewa ya zama nasu, da gb ɗinsa karkatacciya da komai.

Jikokin waɗannan mutane yanzu Guangzhou suke zuwa, 'yan Kantin Kwari da masu kayan waya, suna sauka wajen Xiaobei. Yawancinsu da kalkuleta suke ciniki, kowa ya latsa lambarsa ya miƙa, abin da ya gagara a ba manhajar fassara. Hakan yana isa a sayi kaya, amma ba ya isa a ji abin da mai masana'anta ya juya ya ce wa akawunsa, don haka har yanzu ana samun masu zagewa su koya. Sinanci matakan murya huɗu gare shi, kuma saye da sayarwa duk mai ne, murya ce kawai ta raba su, ɗaya ta nutse ta taso, ɗaya ta faɗo. Bature yakan sha wahala kafin ma ya yarda cewa murya na sauya ma'ana. Bahaushe da wannan ya tashi, sauran aikin kunne ne da maimaici. Sun kuma samu abin da madugan Gwanja ba su taɓa samu ba, wato saƙon murya ta WeChat. Abin da ɗan Sin ya faɗa sau ɗaya da gudu, ana iya sauraronsa sau goma a masauki, a kai wa wanda ya riga zuwa ya warware inda ya sarƙe, sannan mutum ya ɗauki tasa amsar, ya saurara, ya goge, ya sake ɗauka, sai ta yi kama da ta mai harshen kafin ya tura.